Ƙofar Bayan Randa

Litinin, 17 ga Afrilu 1978, bayan la'asar

Yau a rumfarmu ta kasuwar Katako babu wanda ya zo neman kujera. Sakata ake nema, da kwaɗo, da akwati. Malam Jika, maigidana da ya koya mini kafinta, ya ce kasuwa ce kawai ta juya. Ni dai abin da na lura tun da na fara riƙe zarto, in gari lafiya mutane kabad suke sa a yi musu, in ba lafiya akwati.

Ana ta maganganu. Wani ya ce an yi abu a wani gari, wani ya ce a nan za a yi. In ka tambayi wane abu, sai a kalle ka kamar kai kaɗai ne baƙo a Jos.

Da na dawo gida na tarar Inna ta sa Balaraba ta wanke gangar ruwa. Watanmu kaɗan da aure, ba ta san halin Inna a irin wannan lokaci ba. Ta ja ni gefe ta tambaye ni ko biki za a yi.

Talata, da hantsi

Famfo bai kawo ba. Inna ta dubi gangarta, ta dube mu, ba ta ce komai ba. Gara ma da ta yi magana.

Laraba, bayan magariba

Bari in rubuta abin da Inna ta tara, don in ta ce ban kula ba in sami abin cewa. Gero a buhu, an ɗora kan katako kada sanyin ƙasa ya kama shi. Acha, wake da ta barbaɗa wa toka, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, gishiri, kanwa. Ashana a gwangwanin madara, an liƙe bakin da tsumma. Kananzir. Gawayi har bayan ƙyaure. Ta cire batir daga rediyo ta ƙulle a bakin zane, sai lokacin labarai ake mayarwa, ana gamawa a cire. Balaraba ta ce ko waƙa ɗaya a bar ta ta ji, Inna ta ce ta rera da bakinta, ba ya cin batir.

Dokar Inna ita ce ba a ajiye abu a manta da shi. Daga tsohon ake ci, sabo ya koma ƙasa. Shi ya sa yau muka ci waken bara, mai ƙwari a ciki.

Shirin Inna duk na zama ne. Guiwoyinta sun daɗe da ƙin ta, daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ta dafa bango. Ga hawan jini, malamin asibiti ya ce a kiyaye mata tashin hankali.

Maman Anene kuwa, maƙwabciyarmu ta gabas da muke raba bango ɗaya da ita, nata shirin na tafiya ne. Tun da ta dawo bayan yaƙin basasa akwai wani ƙunshi a bayan ƙofarta, cikin shuɗin zane mai zanen tsuntsaye. Ba ya da girma, daidai ɗaukar kai. Ba ta taɓa kwance shi a gabana ba, ban taɓa shiga ɗakin ban gan shi ba. In tana shara ɗaga shi take ta share ƙarƙashi ta mayar.

Alhamis, da safe

Maman Anene ta leƙo kafin ta tafi kasuwa, kamar kullum. Ta ce, "Datti, Inna ya tashi lafiya?" Ta shiga suka gaisa, suka yi zancen tsadar tumatir da ciwon guiwa. Ta ga ganga cike, ta ga gawayi, ba ta tambaya ba. Inna ma ba ta tambaye ta komai ba. Mutanen nan biyu suna iya shekara suna hira a kan tumatir.

Da ta fita Inna ta daɗe tana kallon ƙofa. Can ta ce, ba ni take gaya wa ba, "In ta sake tafiya, ba za ta dawo ta same ni ba."

Na san ba baki ba ne. Wancan karon da ta tafi, Inna damina guda ta yi a kwance, kunu kawai ke wucewa. A lokacin kuma tana da ƙarfinta, Baba yana raye.

Juma'a, bayan saukowa

Inna ta ce gafiya ta shiga bangon ɗakinta. Wai muna masallaci ta yi ta jin ƙwaƙule-ƙwaƙule ta bayan randa. Balaraba ma ta ji. Na ɗana tarko.

Asabar, da azahar

Maman Anene ta aiko a kira ni da sufana. Gadonta na ƙarfe, babban nan mai tsawo da ake hawa kamar ana hawan mota, ta ce in kwance mata shi. Na ce ko ya lalace ne in gyara. Ta ce bai lalace ba, in kwance kawai.

Na kwance. Na jera ƙarafan a jikin bango na ɗaure su da igiya, yadda nake yi wa masu ƙaura. Hannuna ne ya yi hakan da kansa. Ta ba ni lemo da biskit, ta tsaya a kaina sai na cinye, kamar ina ɗan shekara goma.

Ƙunshin yana nan bayan ƙofa.

Ban gaya wa Inna ba.

Lahadi, 23 ga wata, da hantsi

Ana buga ƙararrawar coci Inna ta ce in kawar da randa.

Tun ina yaro randar nan a wurin take. Na san abin da ke bayanta, ita ma ta san na sani, amma tun rasuwar Baba ba wanda ya ambata. Yaɓen wurin ya bambanta da sauran bangon, ya fi duhu, kuma akwai sawun yatsun Baba a jiki. A waccan shekarar, kafin yaƙi, da aka tasam ma Ibo a garin nan, ta nan Baba ya fasa ya shigo da Maman Anene da 'yarta Chinyelu. A ƙuryar ɗakin Inna suka zauna har aka samu hanyar kai su jirgi. Su biyu suka shigo. An aiki ɗanta Anene kasuwa da safen, bai dawo ba.

Ajinmu ɗaya da shi. Ya fi ni gudu.

Inna ta ce in buɗe wurin, amma a hankali, kuma kada in huda gaba ɗaya. In bar ɓawo siriri ta ɓangarensu, wanda duka ɗaya zai zubar. Na ce me zai hana a gaya wa Maman Anene. Ta ce, "In ta ji ina fasa bango, za ta ce abin ya kai. Gobe sai tasha."

Na yi aiki da kurfi da tafin hannu, ba guduma. Balaraba tana kwashe ƙasar a ƙwarya tana zubawa gindin gwanda. Da muka ji muryoyin masu dawowa daga coci muka mayar da randa.

Litinin, da yamma

An rufe makarantu. Motocin soja a kan hanyar Bauchi. An ce babu komai.

Talata, bayan la'asar

Inna ta aike ni sayayyar da ban taɓa yi ba. Garin rogo, manja, agushi, kyandir, da busasshen kifin nan nasu mai kama da icce, okporoko. Ta ce kada in saya a kasuwar Laranto, Maman Anene za ta ji kafin in iso gida. Sai da na tafi har Tudun Wada. Mai kifin ta tambaye ni ko matata Ibo ce. Na ce uwata ce. Ta daɗe tana kallona.

Kifin ya ƙi shiga tukunyar ajiya. Wuƙar Balaraba ta lanƙwashe a kai. Ƙarshe zarto na ɗauko na yanka shi kamar ina yanka ƙafar benci, Inna na zaune tana ba da umarni, a yi gunduwa-gunduwa daidai. Gidan duk ya ɗauki wari. Balaraba ta ce in mutane na cin wannan su rayu, to ba abin da zai same su.

Kyandir ɗin wai don addu'arsu. Inna ta taɓa ganin ta kunna tana durƙushe, shi ke nan ta riƙe cewa ba a yi sai da shi.

Duka an tura ƙarƙashin gadon Inna, can ƙurya wajen garwar kananzir, inda idon baƙo ba zai kai ba.

Laraba, da asuba bayan salla

Tarko bai kama komai ba.

Alhamis, da azahar

Ina rumfa na hango amalanke ya wuce ta bakin titi, ya nufi wajen tasha. Na gane akwatunan, ni na yi ɗaya daga ciki. Maman Anene tana biye, ta ɗaure ɗamara da gyale. Na sunkuyar da kai kan katakon da nake gogewa. Malam Jika ya ce in na ci gaba haka zan mayar da shi takarda.

Na san shagonta ma a wajen tasha yake. Na gaya wa kaina haka har aka tashi.

Chinyelu tana aure a Enugu. Ta sha aiko mata ta koma can.

Da na dawo Inna ta tambaye ni labarin gari. Na ce lafiya lau, tumatir ma ya sauko. Ban gaya mata ba.

Juma'a, bayan saukowa

Gafiya ta dawo, in ji Inna, kuma yau har da ƙarfi. Ta ce gafiyar nan ta san lokacin da maza ba sa gida.

Na haɗu da Maman Anene a bakin famfon unguwa. Akwai jar ƙasa a faratanta da gefen ɗankwalinta. Ta ga ina kallo, ta ɓoye hannun a zane, ta ce tukunyar fure take gyarawa. Ba ta da fure. Mutum in zai bar gida yakan tone abin da ya binne, na ga ana yi.

Ta tambaye ni wai mu in za mu yi alwala, ruwan sanyi dole ne ko na ɗumi ma ya yi. Na ce duk ɗaya. Ta ce to. Shekara nawa muna tare, sai yau. Ina jin mutum in zai rabu da wuri yakan so ya san abubuwan da bai tambaya ba.

Asabar

Ruwan farko, da ƙanƙara. Mun tara duk abin da ke da baki, har kwanon tuwo.

Lahadi, 30 ga wata, da hantsi

Na koma bayan randa. Na yi nisa yanzu, hannuna yana shigewa har guiwa. Wani abu ya ɗaure mini kai. Na san kaurin bangon nan, na auna shi ta wajen zaure. Da lissafina akwai sauran aiki na Lahadi biyu. Amma da na ƙwanƙwasa da yatsa, sai ya amsa kamar ganga. Ko Baba bai cike shi sosai ba, ko gafiyar Inna gaskiya ce.

Na tsaya nan. In na ƙara zan huda.

Inna ta sa na ɗauko tsohuwar katifar Baba na shanya. Ta ware sabon bargo. Ta ce wurin taga Maman Anene za ta kwanta wannan karon, wancan karon ƙuryar ta yi mata duhu. Tana ta tsara yadda za a yi, wa zai dafa me, ina za a sa fitila, fuskarta har wani haske take. Rabon da in ga Inna haka tun ranar ɗaurin aurena.

Na yi ta kallonta ina tunanin amalanke.

Litinin, da yamma

Na kai wa Maman Anene ƙosai daga Inna. Ta karɓa a bakin ƙofa, ba ta ce in shiga ba. Ba ta taɓa yi mini haka ba. Amma ƙofar a buɗe take kaɗan, na saci kallon bayanta.

Ƙunshin ba ya nan.

Talata, da safe

Ban gaya mata ba.

Talata, bayan isha'i

Balaraba ta ce fuskata ta gaya wa kowa, Inna ce kawai ba ta son karantawa. Ta ce in gaya mata kafin ta wayi gari ta ga kwaɗo a ƙofar. Na ce gobe. Ta ce ni komai gobe, ko ita ma da gobe-gobe na auro ta. Gaskiya ne.

Abin da nake tsoro ba kukan Inna ba ne. Shirun nake tsoro. Na san shi.

Laraba, da la'asar

Na je shagon Maman Anene da niyyar in tambaye ta kai tsaye. Na tarar tana ciniki da wani mai tukwane, ta sayi sababbin tukwane biyu da ludayi. Ta ce na tsaraba ne, tun ban tambaya ba. Na sayi sabulu da ba na buƙata na dawo.

Alhamis, 4 ga Mayu, bayan magariba

Bari in bi abin daki-daki.

Wajen azahar muna rumfa sai muka ga mutane na gudu daga wajen kasuwa. Ba ihu, gudu kawai, da ƙarar ƙyamaren shaguna ana bugawa. Mai talla ta watsar da farantinta. Malam Jika ya ce kowa gidansa. Ban san yadda na iso ba, takalmi ɗaya na kawo.

Na tarar Balaraba ta sa sakata, Inna tana tsaye da ƙafafunta a tsakiyar ɗaki ba ta dafa komai ba, ta riga ta ture randa ita kaɗai, ruwa ya malale ko'ina. Ta ce in fasa. Na buɗe baki in ce mata wataƙila babu kowa a can. Ta ce, "Fasa na ce."

Na ɗaga guduma. Ban ma kai ga bugawa da ƙarfi ba, taɓawa kawai na yi, wurin ya rufta. Ƙura ta tashi. Da ta lafa sai ga fuska a cikin ramin, ja wur da ƙasa, da guntun adda a hannu. Maman Anene ce durƙushe, ita ma ta ɗaga za ta buga.

Muka tsaya muna kallon juna. Balaraba ce ta fara magana, a hankali ta ce, "Inna, ga gafiyarki."

Inna ta durƙusa, guiwoyin nan da ba sa lanƙwasuwa, ta miƙa hannu ta ce ta shigo maza. Maman Anene ta kama hannun ta ja ta ce a'a, Inna ce za ta shigo. Inna ta ce ba ta da hankali, ita ake nema. Maman Anene ta ce a kasuwa an ce wannan karon Hausawa ne. Inna ta ce a famfo an ce Ibo ne. Kowace ta riƙe wuyan hannun ɗaya tana ja, ramin a tsakiya, a waje ana ta gudu. Na ce su yi wa Allah su zaɓi ɗaki ɗaya. Suka haɗa baki suka ce in yi shiru, manya na magana.

Sai Maman Anene ta daina ja, amma ba ta saki ba. Ta ce, "Tabawa, ni ban san wa ake nema ba. Wancan karo kai ne ka ɓoye ni. Wannan karo ka bar ni in yi."

Ban taɓa jin ta kira sunan Inna ba.

Sai Inna ta tattare zaninta ta rarrafa ta shige. Muka bi ta.

Ɗakin fayau. Akwatunan da na gani a amalanke shago ta kai su don a sami wurin mutum huɗu. Katifar gadon tana ƙasa, inda mai ciwon guiwa za ta zauna ba sai ta hau ba. Ƙarafan da na ɗaure ta tokare ƙofar waje da su. Ga sababbin tukwanen nan, ta ce ba abin da ya taɓa shiga cikinsu, don ta san mu da naman da ba a yanka ba. Ga gero, ga kuka, ga daddawa a nannaɗe nesa da hancinta. Ga buta sabuwa kusa da risho, saboda ruwan ɗumi. Ga tabarmar salla a shimfiɗe, ta ma ɗora dutse a kan kusurwoyinta kada ta naɗe.

Inna ta dubi tabarmar. Ta sake dubawa. Ta tambaye ta wa ya nuna mata inda za ta fuskantar da ita. Maman Anene ta ce ba wanda ya nuna mata, tana da ido. Shekara da shekaru duk sanda ta shiga ta tarar Inna na salla, bangon nan take kallo. Shi ya sa ita ma ta juya ta ga bangon.

Daga ɗakinmu bangon gabas ne. Daga nata yamma ne.

Inna ta fara dariya. Ta zauna daɓas a katifar tana yi, ta riƙe ciki, har hawaye. Daga nan kuma ban san lokacin da ya daina zama dariya ba. Maman Anene ta zauna kusa da ita tana bubbuga bayanta tana cewa ya isa, ya isa, a juya tabarma kawai, ba abin kuka ba ne. Na fita tsakar gida na duba sakata, ko da yake na san a rufe take.

Juma'a, da safe

A can muka kwana, mu huɗu. Ba abin da ya faru a layinmu.

Wasu sun ce sa ne ya tsinke a kasuwa. Wasu sun ce tayar mota ce ta fashe. Mai shayin bakin tasha ya ce ba haka ba ne, ya ga abin da ya gani, amma ya ƙi faɗa, kuma bai fito da teburinsa ba yau.

Juma'a, da la'asar

Inna ta ce ba za a yi asarar nata shirin ba. Ta sa aka jawo kayan ƙarƙashin gado ta ramin, ɗaya bayan ɗaya. Maman Anene ta ɗaga gunduwar kifi ta ga sawun zarto, ta dube ni ta ce aikin ya yi kyau, saura fenti. Kyandir ɗin ta jujjuya, ta ce wannan zai kai ta har Kirsimeti biyu, ita ba limamiya ba ce.

Ta jiƙa garin ta kai baki, ta tsaya. Warin kananzir ya kama shi tun daga sama har ƙasa. Inna ta ce ƙarya ne, ita ba ta taɓa lalata ajiya ba. Ta ɗanɗana. Ta ce to ai laifin wanda ya sa aka ɓoye ne. Maman Anene ta shanye kwanon tas, ta ce kada wanda ya kunna ashana kusa da ita.

Lahadi, 7 ga wata

Yau ba aiki a bayan randa. Na rasa abin yi da hannuwana.

Laraba, da azahar

An buɗe makarantu. Motocin sun ragu. Inna ta bar batir a rediyo har aka sa waƙa biyu, sannan ta tuna.

Gangar dai a cike take, kuma ta ce haka za ta zauna. Ta koya wa Maman Anene zuba toka a wake. Ita kuma ta koya wa Balaraba yadda ake ɗinke abu a bakin zane ba a gane ba. Na ji Inna tana tambayar Maman Anene inda ƙunshin yake. Ta ce ta kwance shi ranar da ta shimfiɗa tabarma. Ta ce mai baƙi ba ya tafiya.

Ban gaya wa Inna abin da na yi zato ba duk kwanakin nan. Jiya ta ce mini, tana tsince acha ba ta ɗago ba, wai ita ma ta ji ƙarar kwance gado, bangon ba kauri gare shi ba. Ashe kowa a gidan nan ɓoye wa kowa yake.

Asabar, 13 ga Mayu, bayan la'asar

Na kawo ƙasa da ciyawa zan cike ramin. Suna zaune, ɗaya ta nan ɗaya ta can, suna miƙa wa juna goro ta ciki. Inna ta tambaye ni wa ya aike ni. Maman Anene ta ce in ɗauko abin awo, a ɗaga shi sama yadda tsofaffi za su wuce a tsaye.

Na sa katako a gefe da sama, na yaɓe. Sawun yatsun Baba da ya rage ta gefen hagu na bar shi. Malam Jika ya ba ni sakata kyauta, na dawo masa da ita, don an kasa shirya ta wane ɓangare za a sa.

Maman Anene ta kawo labule. Shuɗin zanen nan ne mai tsuntsaye. Inda aka daɗe ana ƙullewa ya koɗe, ya yi fari-fari, ya ƙi miƙewa ko da dutsen guga. Haka muka rataye shi.

Da na shiga ɗaura gadon, na ga abin da ke cikin ƙunshin a jere kan kujera. Zane biyu, takalmin roba, katin coci, hoton Chinyelu. Da rigar makaranta, ƙarama, irin tamu ta aji huɗu, a ninke. Ban taɓa ba.

Ta ce tana son in yi mata kabad, don kayan nan ba su da wurin zama. Na tambaye ta wane irin katako. Ta ce mai nauyi, wanda mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ba.

Litinin zan fara.